Feshin da Ka Teryo Ya Ƙi Yi

Ka Teryo Macatangay ya rasu a watan Fabrairun bana, yana da shekara sittin da tara. Ya sha kofinsa baƙi da safe kamar kullum, ya zauna a bencin ƙofar gida yana ɗaure takalmi. 'Yarsa Nenita ta shiga ɗauko masa hula, kafin ta fito ya jingina da bango, shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ciyawar sabuwar maƙabarta ta bayan gari, kuma duk tsawon shekarun nan rumfata ta sassaƙa allon kabari tana tsallaken titi, daidai ƙofar. Shi ya riƙe ɗana na fari ranar baftisma, shi ya sa Pare muke kiran juna. Har yanzu in ƙarfe goma ta yi nakan ɗaga kai in duba ko zai tsallako shan kofi.

Maƙabartar ba irin tsohuwar ta cikin gari ba ce, mai kaburburan siminti wani kan wani. Fili ne shimfiɗaɗɗe, kusan eka goma, allunan marmara a kwance daidai da ƙasa, ko'ina kuma ciyawa. Kowane gida da gurinsa da ya saya, da takardarsa. Ofis ne ke da alhakin ciyawa, ofis kuwa a wannan fanni Ka Teryo ne.

A gonakin rake na wajen Balayan ya tashi, aji huɗu ya yi ya bar makaranta. A can ya koyi goya famfon feshi, kuma a can magani ɗaya aka sani, mai ƙone duk abin da ya taɓa. Shekararsa ta farko a maƙabarta ya fesa hanyoyin tsakuwa da shi, ya ɗauraye famfon sau ɗaya, ya zuba mai zaɓe, wanda ke kashe munanan ciyayi kawai, ya hau ciyawa. Bayan sati guda sai ga wani dogon zane ja ya ratsa kan kabari bakwai, kamar an ja garwashi. Bai jira a kira shi ba. Gida bakwai ɗin nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hula a hannu, ya faɗi abin da ya yi, sannan ya yanko ciyawa daga bakin katanga ya dasa. Tun daga ranar famfonsa biyu ne. Ya shafa wa ɗaya jan fenti, na tsakuwa da gindin katanga, ɗaya kuma kore, kuma ko a ɗakin ajiya ba ya jingina su bango ɗaya.

Ba shi da kalanda a rubuce, amma duk wanda ya zauna kusa da shi ya haddace ta. Ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, in hadari ya fara taruwa ta wajen tafki, zai fesa maganin da ke ɗaure ƙasa ya hana iri tsirowa, ya bar ruwan farko ya kai shi ciki. In ya yi sauri rana ta cinye maganin, in ya makara ciyawa ta riga shi. Yuni da Yuli na ciyayi masu faɗin ganye ne, da waccan mai ƙaya da ke naɗe ganyenta in an taɓa ta, kuma tun suna ƙanana yake binsu, kafin su yi fure. Agusta na aya-aya ne, babbar abokiyar gabarsa, mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Ita sai an fesa mata sau biyu, tsakani sati huɗu, kuma kowane feshi yana son yini guda ba ruwa. Ya hana kowa cire ta da hannu, ya ce in ka tsinke ɗaya uku za su zo maka ta'aziyya. Da rani ba ya taɓa famfo, don ciyawar da ke jin ƙishirwa ba ta shan magani.

Nakan tsokane shi in ce, "Pare, mutanenka fa ba sa ƙorafi, me kake kashe kanka a kai?"

Sai ya ce, "Su ba sa yi. 'Yan'uwansu na Manila ne ke yi."

Aling Pacing mai sayar da fure da kyandir a bakin ƙofa kuwa likitan ciyawa take ce masa. Ta ce in da ya kula da gashin kansa rabin yadda yake kula da na matattu da bai yi sanƙo ba.

Amma akwai rana ɗaya da ba ta motsi a lissafinsa. Sha biyar ga Satumba yake wanke famfunan nan biyu, ya rataye su, ya kulle ɗakin. Daga nan har Undas, bikinmu na tunawa da matattu, ta wuce ba digon magani da zai sauka a filin. Kowa ya san yadda ɗaya da biyu ga Nuwamba suke a wurinmu. Gari kaf yana tarewa a kan matattunsa. A kafa rumfa, a shimfiɗa tabarma a kan kabari, a buɗe tukwanen taliyar pansit da naman kaza, tsofaffi su yi addu'a, maza su yi karta, jarirai su yi rarrafe daga kakan wannan zuwa kakar wancan. Yara kuma su bi layi-layi suna ɓamɓaro narkakken kyandir daga cikin ciyawa suna mulmula shi, a ga wanda ƙwallonsa zai fi girma. Da hannun nan za su ɗauki abinci. Ka Teryo ya ce filin nasa ne wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki, sauran kwana biyun kuma tabarmar mutane ce.

Shekara shida da suka wuce damina ta zo mana da hauka. Ya samu ya yi feshin aya-aya na farko a makon farko na Agusta, daga nan sama ta buɗe. Guguwa biyu suka bi ta kanmu, tsakaninsu kuma yayyafin da ba ya ɗaukewa. Kullum da asuba zai fito ya dubi sama, ya koma. Sha biyar ga Satumba ta zo bai yi na biyu ba. Ya tsaya ƙofar ɗakin ajiya ya daɗe, sannan ya wanke famfunan ya rataye. Kafin tsakiyar Oktoba aya-aya ta miƙe ko'ina, ganyenta mai sheƙi ya zarce ciyawar shimfiɗa, filin ya zama kamar haɓar da ta kwana uku ba aski.

A shekarar ne mai maƙabartar ya damƙa ofis a hannun 'yar ƙaninsa, Madam Lorna Ilagan. A Manila ta yi karatu, ta yi aiki a wani babban otal, kuma ba muguwa ba ce. Ita ta sa aka gyara banɗakuna, ita ta saya wa ma'aikata takalman roba. Mang Teryo take ce masa, irin na mutanen Manila. Matsalarta ita ce kawunta zai buɗe sabon ɓangare a ranar Undas, ranar da duk mai iya sayen guri yake cikin filin yana kallo da idonsa.

Ranar sha huɗu ga Oktoba ta kira shi ofis ta ce a fesa ranar Litinin, ashirin ga wata. Ya ce mata lokaci ya wuce. Ya yi mata bayani a hankali cewa maganin aya-aya ba ya kashewa nan take, sai ta yi kwana goma tana yin rawaya, wato ranar Undas ne filin zai fi muni. Sannan ya faɗi maganar yara. Ta saurare shi har ƙarshe, ta aika aka ɗauko kwalbar, ta warware takardar da ke manne a jiki, ta karanta masa da Turanci ta fassara. An rubuta cewa da zarar maganin ya bushe mutane na iya shiga. Tsakanin ashirin da ɗaya ga wata kuwa kwana goma sha biyu ne.

"Ba ni na rubuta ba, Mang Teryo," in ji ta. "Waɗanda suka haɗa maganin ne."

Ƙananan rubutun Turanci sun fi ƙarfinsa, kuma bai yi musun abin da ta karanta ba. Ya juya hularsa a hannu ya ce, "Na yarda haka suka rubuta, Madam. Amma su shiga suke nufi, da takalmi, a wuce. Ban jin wanda ya rubuta ya taɓa ganin an ci taliya a kan kabari."

Ta ce ba za ta gudanar da wuri da ji-nake-yi ba. Ta ba shi zuwa Litinin ya yi tunani. In bai fesa ba akwai masu yi, kuma ba za ta riƙe ma'aikacin da ke zaɓen umarnin da zai bi ba.

Ya san abin da hakan ke nufi. Aikin ba albashi kaɗai ba ne. Ɗan gidan da ke cikin katanga, kusa da bishiyar mangwaro, na mai kula da ciyawa ne. A ciki ya raini Nenita, a ciki matarsa Choleng ta yi jinyarta ta ƙarshe, kuma daga tagar baya yana hango inda take kwance. Yana da shekara sittin da uku, ba gona, ba wani gida. Nenita ta roƙe shi har da kuka, ta ce ya fesa sau ɗaya, ai takarda ta wanke shi. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na ce masa ya rage ƙarfin maganin ya yi feshin ganin ido. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce rabin magani ba ya kashe aya-aya, koya mata jure shi yake yi, kuma duk da haka zai hau hannun yara.

Litinin da safe ya sa riga mai tsabta ya shiga ofis, ya ajiye makullin ɗakin magani a kan tebur.

"Ba zan fesa ba, Madam. Ba kuma zan tare wa kowa hanya ba. Abu ɗaya nake roƙo, kar su taɓa jan famfon."

Ta ɗauki makullin. Ta ce yana da zuwa ƙarshen Nuwamba ya kwashe kayansa.

Washegari mutum uku suka zo daga wani shagon kayan noma, masu feshin gonakin shinkafa. Daga bakin ƙofa suka fara, ɓangaren gaba, inda manyan gari suke kwance. Ka Teryo yana rumfata, kofinsa ya huce a hannu, yana kallonsu ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Da rana tsaka suke fesawa, iska na kaɗawa, kan famfon a sama kamar masu ban ruwa. Ya jure har wajen sha ɗaya. Daga nan ya miƙe ya tsallaka, ya tsaya daga waje ya kira babbansu, ya nuna masa ya sauke hannu zuwa gwiwa, ya daina maimaita layi, ya kuma tambaye shi murfin magani nawa yake zubawa. Da ya ji amsar sai ya rufe ido. Mutumin ya tambayi Aling Pacing ko wane ne wannan tsohon. Ta ce masa wanda aka kora ne don kai ka samu aiki, sai ka ji abin da yake faɗa.

Ka Teryo bai kai ƙarar kowa ba, bai zuga kowa ba. Aling Pacing ce ta yi wannan, ita kuwa ba a taɓa roƙonta ta yi magana ba. Makon share kaburbura ne, duk wanda ya tsaya sayen kyandir sai ya tafi da labari. Wadda ta fara shiga ofis wata tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, da lemarta da takardar gurinta a jaka. Ta ce gurin nata ne, mijinta ne a ciki, jikokinta tara za su zauna a kai, kar a fesa masa komai. Kafin yammar Laraba gida sama da ɗari sun faɗi haka, yawancinsu na ɓangaren baya, inda irinmu suke. Ba yadda za a yi a fesa kabari ɗaya a tsallake biyu. Masu feshi suka gama gaba suka tafi.

Sai dai hana feshi bai kwantar da aya-aya ba. Tana nan a baya, tsaye, har ta fara fitar da kai. Mutane suka fara zuwa da wuƙaƙen kicin za su tone ta, ya bi su yana roƙo su bari. Ya ce su ba shi zuwa talatin ga wata.

Shi yanzu ba ma'aikaci ba ne, ba shi da ikon taɓa injin ofis. Amma a makon nan ba mai gadin da zai hana mutum gyara kabarin matarsa. Ranar Alhamis, talatin ga wata, ya aro injin yanka na ratayawa a wurin wani mai gonar kwakwa, ya shiga ta ƙofa kamar kowa, ya aske kan Choleng. Bai zo ranar Litinin ba, bai zo Talata ba, domin ya san aya-aya kwana uku take bukata ta sake zarce ciyawa. In an aske ta a kurarren lokaci, har Undas ta wuce ba mai bambanta su. Da ya gama na Choleng sai mai gurin da ke kusa ta ce ai sai ya haɗa da nata. Na gaba ma haka. Mijin Nenita ya zo da wani injin, mai gonar kwakwar ya zo da na uku, mata suka bi bayansu da tsintsiya.

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki irin na kwana biyun nan ba. Ba ya sauri. Yana tafe a hankali, kafaɗa a karkace, injin yana lilo daidai tsayin yatsa biyu daga ƙasa, in ya zo kan allo sai ya rage wuta ya zagaye shi kamar mai yi wa jariri aski. Rigarsa ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Na kai masa ruwa na ce ya zauna, ya ce in na gaji da kallo in je in sassaƙa wani abu. Tagar ofis tana kallon ɓangaren baya. Ranar Juma'a da hantsi, ana ganin ba za su gama ba, sai ga babban injin ofis ya fito, wani lebura yana tura shi, ya kama daga ɗaya gefen. Ba wanda ya faɗi wanda ya ba da umarni, Ka Teryo kuma bai tambaya ba. Ya dai je ya ɗaga wa injin ƙafa da maki ɗaya. Kafin rana ta faɗi sun haɗe a tsakiya.

Ranar ɗaya ga wata baya ya kwanta kore shar, lumui. Gaba kuwa ya yi dabbare-dabbare, rawaya nan, ruwan ƙasa can, har da wuraren da ciyawar shimfiɗar kanta ta ƙone saboda yawan magani. Ka Teryo bai je ya tsaya yana kallo ba. Tun da sassafe yana bakin ƙofa da tarin ganyen ayaba da ya yanko, duk wanda ya san na gaba ne sai ya miƙa masa, ya ce a shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma, a kuma wanke wa yara hannu kafin su ci. In an tambaye shi me ya faru sai ya ce damina ce ta yi yawa bana. Sunan Madam bai fito daga bakinsa ba.

Gurin dangin mai maƙabartar shi ne mafi kyau a filin, na farko in ka shiga, tsakiyar inda aka fesa. Nan Madam Lorna ta yini da 'yan'uwanta. Akwai 'yar ƙanwarta, yarinya mai wata goma, wadda ta iya rarrafe ba ta son hannu. Aling Pacing, da ke ganin komai daga teburinta, ta ce tun safe har yamma yarinyar nan tana kafaɗar Madam. Ta yi kuka, ta yi zillo, uwar ta ce a sauke ta mana ta yi wasa da sauran, Madam ta ce a'a, ƙasa da datti. Ko abinci a tsaye ta ci.

Ranar Litinin, uku ga wata, muna zaune a rumfata, shi yana shafa man zafi a kafaɗa, sai ga Madam Lorna ta tsallako titi. Ba ta taɓa zuwa rumfata ba. Muka miƙe. Ta gaishe ni, ta dubi allunan da ke jingine kamar mai son saye, sannan ta ajiye makullin a kan dutsen da nake aiki.

"Mang Teryo, yaushe za a fesa na baya?"

Ya leƙa waje ya dubi sama.

"Alhamis, in ba ruwa. An aske ta Juma'a, sai ta fitar da ganyen da za ta sha da shi."

"Na gaba fa?"

"A ƙyale shi, Madam. Ruwa yake so da taki. Kafin Kirsimeti zai dawo."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce maganar kwashe kaya daga gidan a bar ta. Ba ta ce ta yi kuskure ba, shi ma bai nemi ta ce ba. Ya tambaye ta ko za ta sha kofi, ya ce na Pare ba daɗi amma da zafi. Ta yi 'yar dariya ta ce wani lokaci, ta koma.

Sai da ta shige ƙofa ya zauna. Ya miƙa hannu ya ɗauki makullin, ya damƙe shi da hannu biyu kamar za a sake ƙwace masa. Duk kwanakin nan goma sha huɗu ban ga alamar tsoro a fuskarsa ba, ashe yana nan. Na juya na kama goge wani allo da na riga na goge, don kar ya san na gani.

Can ya ce, "Pare, in ka ga Nenita ka ce ta kwance kwalayen nan. Tukwane na a ciki, kwana uku ke nan a gwangwani nake dafa shinkafa."

Na ce masa ya je ya faɗa mata da kansa, ni ba yaronsa ba ne. Ya sa makullin a aljihu, ya ƙarasa kofinsa, ya tsallaka titi.